Daga Ina Mai Zane Ke Samo Salonsa?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Shekara 3 ke nan ina zane. Yau in zana fuskar mutum da fensir har ta fito kamar hoto, gobe in koma katun irin na Japan, jibi in ga aikin wani a Instagram in ce a'a, wannan nake so. Wata ƙawata ta duba littafin zanena ta ce kamar mutum biyar ne suka yi shi, kuma maganar ta tsaya mini a rai. Shin wane salo masu zane suka fi so, kuma daga ina suke samo tunanin abin da za su zana? Ni sau da yawa in na zauna gaban farar takarda sai kaina ya ɗauke wuta."

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ki da kyau, abu biyu kike son sani: salon da masu zane suka fi karkata gare shi, da kuma rijiyar da suke ɗebo tunani. Sai dai ina jin maganar ƙawar nan taki ce ta sa kika rubuto, don haka zan riƙa komawa kanta. Na haura shekara 20 ina aiki da gawayi da fentin mai, ina kuma koyar da masu tasowa, kuma littafin da ya yi kama da aikin mutum biyar a shekara ta uku bai taɓa tayar mini da hankali ba. Ɗalibin da ke damuna shi ne wanda tun shafin farko har na ƙarshe hannu ɗaya ne, domin galibi in ka bincika sai ka tarar hannun wani ne ya aro ya ƙi mayarwa.

Abin da ido ke fara kamawa

Kusan duk wanda ya zo hannuna da salon kamanni yake farawa, wato a zana fuska har mai kallo ya ce "wallahi kamar hoto". Dalilin a fili yake. Shi ne salon da kowa zai iya yi wa alƙalanci, ko wanda bai taɓa riƙe fensir ba ya san in hanci ya karkace, yabon kuma nan take ake samunsa. Ba na raina shi ko kaɗan. A nan ake koyon awo, da yadda haske ke sauka a kan kunci, da bambancin baƙin inuwa da baƙin gashi. Amma akwai tarko a cikinsa. Wanda ya saba kwafar hoton waya ɗigo-ɗigo, ranar da ka ɗauke masa wayar ka zaunar da mutum mai numfashi a gabansa, sai hannu ya fara rawa.

Wannan damuwar ta daɗe. Tun da aka bayyana na'urar ɗaukar hoto a Faransa a 1839 masu zane suka soma tambayar kansu me ya rage musu. A 1841 kuma wani Ba'amurke mai zane, John Rand, ya fito da bututun ƙarfe mai matsuwa na zuba fenti. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ƙulle fenti, in an huda ta ba ya daɗewa ya bushe. Bututun nan shi ya sa mai zane ya iya saɓa kayansa ya fita bakin kogi ko gona. Waɗanda suka fita sai suka lura cewa inuwa ba baƙa ba ce kamar yadda aka koya musu a ɗaki, akwai shuɗi da shunayya a cikinta, kuma hasken ba ya jiran kowa, dole a yi sauri a bar shatin burushi a fili. Da suka baje aikinsu a birnin Paris a 1874, wani mai sharhi ya ɗauki sunan zanen Claude Monet na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ya yi musu ba'a da shi. Ba'ar ce ta zama sunan salon har yau, imfireshinizim, ni kuwa nakan ce wa ɗalibaina salon kallon farko. Abin da aka yi wa dariya a lokacin, yanzu shi ne mutane ke cika gidajen ajiye zane don su gani.

Na kawo wannan ne don ki ga cewa sunayen salo a baya suke zuwa, bayan an riga an yi aikin. Shi ya sa in ana maganar salon da masu zane suka fi so, ni ba da sunaye nake rarraba su ba. Ina duba abin da idon kowa ke fara kamawa ne. Akwai mutanen launi, waɗanda in sun shiga ɗaki jan labule suke gani kafin su ga wanda ke zaune. Su ne masoya Monet da Henri Matisse. Akwai mutanen layi, masu son alƙalami da tawada, masu jin daɗin zanen katako na Japan da katun da rubutun ƙawa. Akwai mutanen haske da duhu, almajiran tsofaffin gwanayen Turai Caravaggio da Rembrandt, waɗanda fitila ɗaya a ɗaki mai duhu ta ishe su aikin wata guda. Nan nake, kuma ki saka wannan a lissafi in kina auna shawarata, don kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai mutanen tsari da maimaici, masu son siffofi suna sarƙewa da juna, daga adon bango na lissafi har zuwa zanen da bai yi kama da komai ba.

To ke fa? Fuskar fensir da katun ɗin Japan a ido kamar gabas da yamma suke, amma zai iya yiwuwa abu ɗaya kike bi a cikinsu. In ido da gira da bakin da ke shirin magana ne ke jan ki a duka biyun, to ke mai bin yanayin fuska ce, salon kuwa riga ce kawai kike ta gwadawa.

Mutumin da ya fi ki yawan hannuwa

Duk wanda aka nuna wa zanen Vincent van Gogh, mutumin ƙasar Holan, daga nesa zai gane shi: rawaya mai ƙuna, shuɗi mai murɗawa, fenti mai kauri kamar an yaɓa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsawon hanyar. Sai da ya kai kimanin shekara 27, a 1880, ya ɗauki zane gadan-gadan, kuma da kwaikwayon zanen manoma na Jean-François Millet ya fara. Babban aikinsa na 1885, manoma zaune a ɗaki ƙarƙashin fitila, ruwan ƙasa ne da baƙi-baƙi, ba za ki taɓa cewa hannu ɗaya ne ya yi shi da shahararren zanensa na taurarin dare ba. A 1886 ya sauka Paris, ya ga launukan masu kallon farko, ya gwada. Ya ga masu zane da ɗige-ɗige, ya gwada nasu. A 1887 ya ɗauki zanen katako na Hiroshige, mutumin Japan, ya kwafe shi da fentin mai, har da rubutun gefe da ba ya iya karantawa. Sai da ya koma garin Arles a kudancin Faransa a 1888 ne duk waɗannan suka narke suka zama abu guda. Ya rasu a 1890. Ke nan cikin shekara 10 da ya yi yana aiki, salon da duniya ta san shi da shi na shekara biyu da rabi na ƙarshe ne. Da ƙawarki ta leƙa ɗakinsa a 1887, da mutum biyar ɗin nan za ta ƙirga, ko ma fiye.

Abin lura shi ne daga kowane ya ɗauki abu ɗaya ya bar saura. Daga Millet ya ɗauki girmama mai aikin ƙarfi, daga Japan layi mai ƙarfi a gefen abu da launi shimfiɗaɗɗe, daga masu ɗige-ɗige dabarar ajiye launi biyu masu adawa kusa da juna don su haska juna. Ɗigon ma bai bar shi ɗigo ba, ya ja shi ya zama gajeren shati. Kama da wane ba ta wane, kuma a wannan giɓin da ke tsakanin abin da ka kwaikwaya da abin da hannunka ya iya fitarwa, a nan salo ke tsirowa.

Rijiyoyin

Yanzu batun ilhama. Rijiyar da ta fi kowace ruwa, kuma aka fi rainawa, ita ce kallon abu ɗaya na dogon lokaci. Monet ya zana tarin damin hatsi na gonar da ke kusa da gidansa kusan sau 25 tsakanin 1890 da 1891, da safe, da yamma, cikin ƙanƙara, cikin hazo. Ya zana fuskar babbar majami'ar birnin Rouen na Faransa fiye da sau 30. Giorgio Morandi na Italiya, wanda ya rasu a 1964, kusan duk rayuwarsa a Bologna ya yi ta yana jujjuya kwalabe da gwangwanaye a kan tebur yana zana su da launuka masu kama da ƙura. In kika tsaya gaban aikinsa sai ki ji kamar kwalaben nan 'yan gida ɗaya ne da suka yi faɗa jiya suke neman shiri. Waɗannan mutanen ba su zauna jiran sabon abin zanawa ba. Sun gane cewa a zane na farko abin da kai ya riga ya sani ne ke fitowa, sai an kai na goma ko na sha biyar ido ke fara faɗin nasa.

Na gwada wannan da kaina a wani lokaci da kaina ya toshe na kusan wata huɗu. Na ɗauki wata tsohuwar kujerar katako na ce kullum sai na zana ta kafin in yi komai. Mako na farko kujera ce kawai, har haushinta nake ji. A mako na uku na daina ganin katakon, na koma ganin sararin da ke tsakanin ƙafafunta da yadda inuwarta ke hawa bango in rana ta karkata. Jerin zanen da na fi alfahari da shi daga wannan inuwar ya fito, kuma babu kujera ko ɗaya a cikinsa.

Rijiya ta biyu ita ce baƙon abu. Da Japan ta buɗe ƙofofinta ga cinikin Turawa a shekarun 1850, zanen katako irin na Hokusai, mai shahararriyar igiyar ruwan nan ta wajen 1831, ya malalo Turai ya sauya yadda ake yanke hoto da yadda ake tsara shi. M. C. Escher na ƙasar Holan ya ziyarci fadar Alhambra a Sifaniya a 1922, ya sake komawa a 1936 ya zauna yana kwafar adon bangon da magina Musulmi suka yi ƙarnuka kafin shi. Ya ɗauki lissafin yadda siffofi ke cika fili ba giɓi, ya maye su da tsuntsaye da kifaye da ƙadangaru. Pablo Picasso kuwa a 1907 ya shiga gidan ajiye kayan al'adu na Trocadéro da ke Paris ya ga fuskokin sassaƙa na Afirka, daga nan aikinsa ya juya zuwa gutsuttsura siffa, abin da shi da Georges Braque suka bunƙasa har ya zama salon da ake kira kiyubizim. A nan dole in ɗan tsaya. Sunan Picasso ya cika duniya, masassaƙan da ya sha daga hannunsu kuwa ko sunansu ba a rubuta a jikin kayan ba. Ni ina ganin aro halas ne a wannan sana'a, amma mai aro ya san daga wa ya karɓa, ya kuma faɗa.

Ta uku kishiyar ta biyu ce, wato komawa ga abin da ka tashi a cikinsa kana taka shi ba ka gani. Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen 1930, ya yi karatun zane a makarantar Slade da ke Landan, ya koma gida da ƙwarewar Turai, ya baje aikinsa, mutanensa suka ƙi kula shi. Sai ya waiwayi harafin Larabci da ya koya tun yana yaro a wurin mahaifinsa, malamin Alƙur'ani. Ya riƙa warware harafi yana miƙar da shi har fuskoki da dabbobi da bishiyoyi suka fara fitowa daga cikinsa. A 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya yi masa baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Irin wannan tunanin ne ya haɗa ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo: a riƙe dabarar da aka koya a aji, a zuba mata abin gida.

Akwai kuma takura, kuma ita na fi son ki yi tunani a kanta, don tana da alaƙa da farar takardarki. Frida Kahlo ta Meziko ta yi mummunan haɗarin mota a 1925 tana da shekara 18, aka kwantar da ita, aka rataya mata madubi a saman gado. Abin da take iya gani ke nan, kanta, ta kuwa zana kanta fiye da sau 50. Matisse, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, tsayuwa gaban allo ta yi masa wuya, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi, wasu na ganin aikin da ya yi a haka ya fi na ƙuruciyarsa. El Anatsui na Gana ya tsinci buhun marafan kwalabe da aka zubar, yau yana ɗinke dubban irinsu da wayar jan ƙarfe su zama kamar ƙaton mayafi da ke rufe bangon gini. Kada ki ji wannan ki ɗauka sai an sha wuya ake zama mai zane. Na ga yara da suka yarda da wannan tatsuniya suka cutar da kansu, alhali ciwo ya fi kashe aiki a kan ya haifar da shi. Abin da ya yi wa waɗannan mutanen amfani shi ne zaɓinsu ya ragu. Madubi ɗaya, almakashi ɗaya, marfin kwalba. Ko a rubutun ƙawa haka ne: Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, ya ɗaure kowane harafi da awon ɗigon alƙalami, kuma cikin wannan ƙa'ida mai tsauri marubuta suka yi ta fitar da kyau fiye da shekara dubu.

Kiɗa ma rijiya ce ga wasu. Wassily Kandinsky ya bar aikin shari'a yana da shekara 30 ya koma zane, yana ɗaukar launi kamar sauti. Shi ne ya ga ɗaya daga cikin damin Monet a wani baje koli a Mosko ya kasa gane ko mene ne sai da ya duba takardar bayani, amma launin ya riga ya kama shi. Daga irin wannan ya yarda cewa zane zai iya tsayawa ba tare da ya yi kama da wani abu ba.

Abin da zan ce ki gwada

Farar takarda tana ɗauke miki wuta ne saboda ta ba ki damar zana komai a duniya, waya kuma ta ƙara dagula lissafin. Cikin minti goma kina iya ganin aikin gwanaye ɗari, kowane a ranarsa mafi kyau, babu wanda ya nuna miki takardun da ya yaga. Ido ya ƙoshi, hannu bai taɓa komai ba. Ban ce ki daina kallo ba. Ki rage yawa ki ƙara zurfi. Zaɓi zane 20 da kika fi so cikin duk abin da kika taɓa gani, ki rubuta a ƙarƙashin kowane takamaiman abin da ya kama ki. "Yana da kyau" ba amsa ba ce. Ki ce gefen fuskar da ya ɓace cikin duhu, ko jan nan ɗan ƙarami a kusurwa. In kin gama ki karanta jerin, za ki ga kalma biyu ko uku suna ta dawowa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ya daɗe da yin zaɓinsa, ke ce ba ki tambaye shi ba.

Sannan ki takura wa kanki da gangan na wata ɗaya. Alƙalami ɗaya da tawada, ko launi uku kacal, da abu ɗaya da za ki zana sau 30 daga zahiri, ba daga hoto ba. Kwaikwayon gwanaye kuma ki ci gaba da shi, ta nan kowa ya bi, amma ki rubuta sunan mai aikin a jiki, kuma bayan kin kwafa ki rufe nasa ki sake yi da ka. Na biyun nan shi ne naki. Ni na yi kusan shekara biyu ina bin sawun wani malamina sau da ƙafa ban sani ba, sai ranar da wani baƙo ya tsaya gaban zanena ya yaba, ya kira sunan malamin yana tambaya ko na sayarwa ne. Kunya ta kama ni, amma da na koma gida na baje duk aikina a ƙasa na ga wasu abubuwa da ba na malamin ba: kullum hasken daga hagu yake shigowa, kuma kullum nakan bar hannuwa ban ƙarasa ba. Da can kuskure nake ɗaukarsu ina ta gyarawa. Yau da su ake gane aikina.

Ki yi irin wannan bajewar da littafinki, ki kira ƙawar taki, tunda tana da ido, ki ce ta nemo miki abin da mutum biyar ɗin suka yi tarayya a kai.

Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan ba tare da na ga shafukan ba, kuma ki tuna daga ɗakin mai fenti da gawayi nake magana. In burinki zanen littattafan yara ne ko katun mai motsi ko aikin talla a kwamfuta, lissafin ya ɗan sauya, domin a can sau da yawa ana biyan mutum ne don ya iya sajewa da salon da aka ba shi, kuma mai hannu biyar ya fi mai hannu ɗaya samun aiki. Na san masu yin haka da rana, su dawo da dare su buɗe wani littafi dabam da ba mai ganinsa sai su.